Alhakin Ɗan Kallo A Gindin Dutse

A cikin wasannin kasada da Turawa suka ƙago a ƙarni na ashirin, da wuya a sami wanda ya kai tsallen laima daga kan tsayayyen abu cin rayuka. Wasan kuwa shi ne mutum ya goya laimar sauka a bayansa, irin wadda sojan laima ke dira da ita daga jirgin sama, ya hau kan dogon bene, ko hasumiyar rediyo, ko gada, ko ƙololuwar dutse, sa'an nan ya faɗo da gangan, ya buɗe laimar kafin ya kai ƙasa. Masu yinsa suna kiransa BASE, watau sun tsinci harafin farko na sunayen waɗannan wurare huɗu da Ingilishi suka harhaɗa. Duk sa'ad da wani ya mutu a wannan wasa, abin da aka saba ji a bakin jama'a shi ne, ai shi ya ja wa kansa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta rufe zancen ba. Akwai wanda ya raka mai tsallen sama, akwai wanda ya tsaya ƙasa yana ɗaukar hoto, akwai kuma wanda za a tasa daga barci ya tafi ɗauko shi. Kowannensu yana da nasa alhaki, kuma sau da yawa a kan wannan alhaki ne rai yake rataye.

Da farko ya kamata mai karatu ya san inda haɗarin yake. Wanda ya diro daga jirgin sama yakan fito ne daga nisan kamar mita 4,000, yana da kusan minti guda kafin ya buɗe laima, kuma laima biyu gare shi, in ɗaya ta ƙi sai ya saki ta biyu. Mai tsallen BASE laima ɗaya tak yake goyawa, domin ko da yana da ta biyu babu lokacin buɗe ta. Wanda ya faɗo daga gada mai tsawon mita 150, in laimarsa ba ta buɗe ba, cikin daƙiƙa 6 ya isa ƙasa. Bugu da ƙari, abin da ya diro daga kansa yana nan tsaye a bayansa. In laimar ta buɗe a karkace, ta juya fuska wajen dutsen, to, ita da kanta za ta ɗauke shi ta maka shi da bango. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma aka ƙaro wata riga mai fiffike, wadda ke sa mutum ya yi shawagi kamar shirwa, yana bin gefen duwatsu da tsakankanin itatuwa da gudun da ya haura kilomita 150 a awa guda. A irin wannan gudu kuskuren taƙi ɗaya ya isa.

Waɗansu likitocin ƙasar Norwe sun yi wani lissafi wanda ake yawan kafa hujja da shi. A dutsen Kjerag, wanda ke tsaye kamar mita 1,000 bisa wani mashigin teku, an ƙidaya tsalle 20,850 daga 1995 zuwa 2005. Mutum 9 suka mutu, aka kuma yi haɗari 82 waɗanda ba a rasa rai ba. Watau ke nan mutuwa ɗaya cikin kowane tsalle 2,317, rauni ɗaya cikin kowane 254. Likitocin suka ce wannan ya ninka haɗarin dirowa daga jirgin sama sau 5 zuwa 8. Abin lura a cikin lissafin shi ne, a bayan kowane mamaci guda akwai kamar mutum 9 da suka faɗi da sauran numfashinsu, waɗansu a karye, waɗansu a maƙale a jikin dutse. Waɗannan su ne mutanen da makomarsu ke hannun wanda ya gani da wanda aka kira.

Alhakin mai gani yana somawa tun kafin a yi tsallen. Ran 4 ga watan Fabrairu 1912, wani tela mazaunin birnin Faris mai suna Franz Reichelt ya hau hawa na farko na hasumiyar Ifel, mita 57 daga ƙasa, sanye da wata riga da ya ɗinka wadda ya ce za ta zama laima. 'Yan sanda sun ba shi izini ne bisa zaton mutum-mutumi zai jefo don gwaji, sai da ya iso ya ce shi da kansa zai faɗo. Abokansa sun yi ta ba shi baki, ya ƙi ji, ba a kuwa hana shi hawa ba. Masu ɗaukar majigi suka kafa na'urorinsu, 'yan jarida suka taru a ƙasa cikin tsananin sanyi. Ya ɗora ƙafa kan shingen ƙarfe, ya yi ta jinkiri kusan daƙiƙa 40, kana ya saki jiki. Rigar ta nannaɗe shi, ya mutu nan take. Majigin yana nan har yau, kuma a ƙarshensa ana ganin mutane suna auna zurfin ramin da jikinsa ya yi a ƙasa.

Wanda ya tara jama'a, aka kafa masa na'urorin hoto, ja da baya yakan yi masa nauyi fiye da faɗawa. Don haka taron 'yan kallo ba ya rasa hannu a cikin abin da ya biyo baya, ko da kuwa babu wanda ya ce uffan. Hausawa suna da sunan wannan hali, shi ne ingiza mai kantu ruwa. A zamanin intanet kuwa taron ya ƙaru ninkin ba ninkin. Hoton wanda ya fi kusantar dutse shi ne ya fi samun masu kallo, yawan masu kallo kuma shi ke jawo kamfanonin da ke ɗaukar nauyin 'yan wasa. A shekarar 2016 kaɗai sama da mutum 30 suka mutu a wannan wasa a duniya, akasarinsu masu riga mai fiffike. A watan Agusta na shekarar, wani matashi ɗan Italiya ya buɗe wayarsa yana nuna kansa kai tsaye a Facebook daga kan wani dutse a Suwizalan, ya sa ta aljihu ya diro, masu saurare suna ji har ƙarar faɗuwarsa. Abokin ƙwarai a bakin dutse shi ne wanda zai ce iskar nan ba ta yi ba, a koma gida, ya kuma ajiye na'urar hotonsa domin mai tsalle ya sami hanyar fasawa ba tare da jin kunya ba.

Alhaki na biyu yana zuwa bayan faɗuwa, shi ne kiran agaji ba tare da ɓata lokaci ba. A nan ne tsoron hukuma yake shigowa, kuma labarin gandun daji na Yosamiti a jihar Kalifoniya ta Amurka ya isa misali. A can ne Carl Boenish, wanda ake ɗauka uban wannan wasa, ya ɗauki majigin tsalle daga dutsen El Kapitan, mai tsawon kamar mita 900, a 1978. A 1980 hukumar gandun ta gwada ba da izini, ba a daɗe ba ta soke, ta ce masu tsallen sun ƙi bin sharuɗɗa. Dokar da aka riƙa kama su da ita ta tanadi tarar da za ta iya kai dala 5,000, da ɗaurin da zai iya kai wata 6, ga kuma ƙwace kayan tsalle. Hanin bai kashe wasan ba. Abin da ya yi shi ne ya mayar da shi na asuba da na almuru, lokacin da ido ba ya gani sosai.

A watan Yuni 1999 wani gwanin tsalle, Frank Gambalie, ya diro daga El Kapitan ya sauka lafiya lau, sai ya ga ma'aikatan gandun sun nufo shi. Ya ruga ya faɗa kogin Merced, ruwa ya ci shi, sai bayan kusan wata guda aka ga gawarsa. Ran 22 ga watan Oktoba na shekarar, 'yan'uwansa masu tsalle suka shirya dirowa da rana tsaka a gaban jama'a don nuna rashin yarda da dokar, bisa sanin za a kama su a ƙwace kayansu. Wata gogaggiya a cikinsu, Jan Davis, ba ta so a ƙwace nata, sai ta yi aron waɗansu. Maɓallin buɗe laimar aron ba a inda hannunta ya saba yake ba. Ta faɗo har ƙasa laimar ba ta buɗe ba, mijinta yana ƙasa yana ɗaukar hoto. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duba kayan abokin tafiya, da tambayarsa ko ya gwada su, yana cikin haƙƙin da ke kan duk wanda ya raka shi.

Ran 16 ga watan Mayu 2015 kuma, Dean Potter, ɗaya daga cikin shahararrun mahaya duwatsu na Amurka, da abokinsa Graham Hunt, suka diro da riga mai fiffike daga wani tsauni a gandun gab da faɗuwar rana. Suka bugi dutse. Aka kwana ana nema, sai da gari ya waye jirgi mai saukar ungulu ya hango gawarwakinsu. Su dai nan take suka cika, amma da ɗayansu yana da sauran rai, da dare guda zai kwana a kan dutse yana jiran haske. Hukuma tana da hujjarta ta hana abin da take ganin zai cutar da jama'a da ma'aikatanta. Duk da haka wajibi ne a rarrabe tsakanin kama mai laifi da ceton mai rauni, yadda abokin wanda ya faɗi ba zai tsaya yana auna tara da ɗauri kafin ya ɗaga waya ba. Irin wannan matsala ce ta sa Nijeriya ta kafa doka a 2017 wadda ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma hana a tsangwami wanda ya kawo shi.

Ƙasashe sun sha bamban a kan ko tilas ne mai gani ya taimaka. A Faransa, sashe na 223-6 na dokar hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 5 da tarar Yuro 75,000 ga wanda ya ga mutum cikin halaka ya ƙi taimakonsa da gangan. A Jamus hukuncin yana iya kai shekara 1, a Suwizalan shekara 3. A Ingila da akasarin jihohin Amurka kuwa babu tilas a kan baƙon da ya zo wucewa, sai dai a Amurka akwai dokokin da ke kare wanda ya taimaka da kyakkyawar niyya daga a kai shi ƙara. Amma dokar Faransa, duk da tsananinta, ta gindaya sharaɗi: taimakon ya zama wanda ba zai jefa mai yinsa ko wani cikin haɗari ba, ta kuma lissafa kiran masu agaji a cikin taimako. Ashe ba jarunta ake nema ga ɗan kallo ba. Abin da ake nema shi ne kada ya yi shiru.

Shirun kuwa yana da dalili sananne. A 1968 waɗansu masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, John Darley da Bibb Latané, sun nuna ta hanyar gwaji cewa gwargwadon yawan waɗanda suka shaida abu, gwargwadon yadda kowannensu yake jinkiri, yana zaton wani ya riga ya yi abin da ya kamata. Maganin wannan shi ne mutum ya ɗauka babu wanda ya kira sai shi. In kuwa hannunsa yana kan mai rauni, to, ya nuna mutum guda da yatsa ya ce kai, kira agaji, maimakon ya yi kururuwa a taimaka.

Abin da za a yi a gindin dutse ba shi da yawa, amma kowanne yana da muhimmanci. A kira lambar gaggawa, 112 a ƙasashen Turai, 911 a Amurka. A faɗi daidai wurin da mutumin ya faɗa, da launin laimarsa, da ko yana motsi, domin neman mutum guda a jikin dutse mai tsawon kilomita guda yana iya cinye sa'o'i. In an isa gare shi, kada a ɗaga shi ko a juya wuyansa, sai fa in ruwa ko wuta ko zubowar duwatsu za su riske shi, domin karyayyen ƙashin baya yana iya yanke laka, garin gyaran gira a rasa ido. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, a lulluɓe shi saboda sanyi, kada a ɗura masa ruwa. In laimarsa ta sarƙe a wayar lantarki, kada kowa ya taɓa shi ko igiyoyinsa sai an kashe wutar. In kuma yana reto a cikin ɗamararsa, a gaya wa masu ceto tun a waya, domin wanda ya daɗe a rataye ba motsi jini yakan taru a ƙafafunsa, ya suma, har ya rasa rai ko da bai karye ko'ina ba.

Sa'an nan sai alhakin masu ceto, wanda ya fi kowanne nauyi. Mutane suna zaton da jirgi mai saukar ungulu ya iso an gama. Ba haka abin yake ba. Iskar farfelar jirgin tana iya hura laimar da ke maƙale ta fizge mai rauni daga inda ya tsaya, tana kuma iya ɓamɓaro duwatsu a kansa. Saboda haka sau da yawa tilas a sauke ma'aikata a sama, su biyo igiya ɗaruruwan mitoci. A Norwe akwai wani bangon dutse da ake kira Trollveggen, mai tsawon kamar mita 1,100, wanda duwatsunsa ke yawan zubowa. A yankinsa ne Carl Boenish ya mutu a watan Yuli 1984. Bayan mace-mace da ayyukan ceto masu tsananin kasada, gwamnatin ƙasar ta hana tsalle daga wurin a 1986. Tsoron da ake yi wa masu ceto ba na banza ba ne. Ran 31 ga watan Agusta 2011, a dutsen Pelmo na Italiya, 'yan sa-kai biyu suna sauka da igiya don ceto waɗansu Jamusawa mahaya dutse da suka ji rauni, sai wani ɓangaren dutsen ya rufto ya tsinke igiyoyinsu, duka biyun suka mutu.

Ƙa'idar aikin ceto fuska biyu gare ta. Ta farko, mai ceto ba alƙali ba ne. Ba ya tambayar ko mai raunin yana da izini, ko wauta ce ta kai shi, kamar yadda likita ba ya tambayar direba ko shi ne da laifi kafin ya ɗinke shi. Ta biyu, ba a sayar da rayayye don a fanshi matacce. In an tabbata mutum ya cika, shugaban masu ceto yana da iko, kai, wajibi ne a kansa, ya dakatar da mutanensa har gari ya waye ko iska ta lafa, ko da dangin mamaci suna kuka suna roƙo. Haƙurin kwana ɗaya ko biyu ya fi a yi zaman makoki a gida uku. Game da kuɗin aikin kuwa, a Norwe ba a cajin wanda aka ceto, kuma 'yan sa-kai ne ƙashin bayan aikin, alhali a Suwizalan takardar biya tana bin wanda aka ɗauko ko kamfanin inshorarsa. Masu goyon bayan tsarin Norwe suna cewa wanda ke tsoron biya zai jinkirta kira har dare ya yi, aikin ya ƙara haɗari ga kowa. Hujjar tana da ƙarfi. Amma ita kanta tana ɗora wa mai tsalle bashi, domin wanda za a ceto kyauta ba shi da damar yin sakaci da rayukan masu zuwa ɗaukarsa.

Inda aka zauna aka tsara, an ga amfani. A jihar Bajiniya ta Yamma a Amurka ana buɗe gadar kogin New, mai tsawon mita 267, rana guda a watan Oktoba don masu tsalle su diro a gaban dubban jama'a. A 1983 wani ya sauka cikin kogin lafiya, ruwa ya ja laimarsa ya nutse, domin kwalekwalen ceto ɗaya ne tak, yana kuma can wajen waɗansu. Daga nan aka ƙara yawan jiragen ruwan, aka kuma hana kowa dirowa sai an tabbata akwai wanda ke jiransa. Wannan bai kawar da mutuwa ɗungum ba, domin a 2006 Brian Schubert, wanda ya diro daga El Kapitan tun 1966, ya mutu a wurin da laimarsa ta makara buɗewa. A kwarin Lauterbrunnen na Suwizalan kuma, inda wasan yake halal, ƙungiyar masu tsalle ta sa kowa ya sayi katin sauka wanda ake biyan manoma diyyar ciyawarsu da kuɗinsa, ya kuma buga wa tashar jiragen Air-Glaciers waya kafin ya diro, don kada ya ci karo da jirgin da wataƙila shi ne zai zo ɗaukarsa. Inda kuma wasan ya taɓa lafiyar mutanen gari, hukuma takan tsawatar, kamar yadda magajin garin Shamoni na Faransa ya dakatar da masu riga mai fiffike a watan Oktoba 2016, bayan wani ɗan Rasha ya faɗa kan wani gini a cikin garin.

Saura haƙƙi na ƙarshe, watau mutuncin wanda ya riga ya cika. A 2017 Jamus ta mayar da tare wa masu ceto hanya laifi, daga farkon 2021 kuma ɗaukar hoton mamaci a wurin haɗari ta yadda zai tozarta shi ya zama laifin da ake iya ɗaure mutum shekara 2 a kansa. Ba sai an jira doka ba kafin a gane cewa bai kamata uwa ta fara ganin gawar ɗanta a wayar maƙwabci ba. A wannan gaɓa zancen ya bar duwatsun Turai ya iso kowace babbar hanya ta ƙasar nan, inda mota kan kife, jama'a su yi cincirindo, wayoyi su tashi sama ana ɗaukar hoto, alhali da wayar nan ɗaya za a iya kiran 112, ko 122 ta hukumar kiyaye haɗurra.

Mai tsalle ya zaɓi kasadarsa da hankalinsa, babu mai musun wannan. Amma zaɓinsa bai sauke wa kowa nasa nauyi ba. Aboki ya faɗi gaskiya tun ana sama, ya duba kaya, ya bar zuga. Mai wucewa ya kira agaji nan da nan, ya yi abin da ya iya, ya bar abin da bai iya ba. Hukuma ta buɗe wa mai kiran agaji ƙofa ba tare da barazana ba. Mai ceto ya tafi ga kowa ba zaɓe, ya kuma komo ga iyalinsa da ransa. Allah ya kiyashe mu da tsautsayi, amin.